Littafin Goggo: Abin da Muka Tarar Bayan Rasuwar Magajiyar Layinmu a Aboabo

Goggo ta cika jim kaɗan bayan sallar asuba, amma har hantsi ya dubi ludayi ba a ɗora ruwan wankanta ba. Samari sun riga sun tafi maƙabartar Tafo haƙar kabari, an yanko likkafani, liman ya ce za a sallace ta bayan azahar. Tsakar gida ta cika da mata, wasu a kan tabarma, wasu a tsaye jikin bango, kowa na duban kowa. Abin da ya tsayar da mu shi ne, kaf layinmu na Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Ghana, babu macen da ta taɓa yi wa gawa wanka da hannunta tun daga farko har ƙarshe. Masu zuba ruwa suna nan, masu riƙe zane suna nan. Wadda ta san aikin ita ce a kwance cikin ɗaki an lulluɓe ta. Sai da aka tura yaro a kan babur zuwa unguwar Asawase ya ɗauko wata tsohuwa, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ita ma sai da sanda take tafiya.

Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi tun da aka yaye ni. Ba zan kama sunanta ba. A gida Goggo muke ce mata, a layi kuwa Magajiya, ko da yake babu sarkin da ya taɓa naɗa ta. Mutane ne suka ga aikinta suka laƙaba mata.

A addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya ya faɗa: mutuniyar kirki ce, ta yi hidima. Gaskiya suka faɗa. Sai dai kalmar hidima tana rufe abubuwa da yawa, kuma na lura mun fi son mu bar su a rufe. Abin da nake so in yi a nan shi ne in buɗe ta: wane aiki ne takamaimai, yaya yake tafiya, wa ya biya kuɗinsa, me kuma ya same shi da mai shi ta kau.

Inda ta koyo

Kakanninta fataken goro ne. Irin mutanen nan ne da suke bin hanyar Gwanja daga Kano, su kawo kanwa da tufafi da fatu su koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar can ta watse, fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Accra, wasu kuma daga baya Kumasi, inda zango ya bunƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce. A Kumasi aka haifi mahaifinta, a nan aka haife ta. Hausa take yi a gida, Twi a kasuwa, ta kuma tsinci Dagbani da ɗan Mosanci a bakin 'yan haya, domin gidanmu irin gidan nan ne na ɗaki-ɗaki da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Boko ba ta yi ba. Makarantar allo ta yi, ta iya rubuta Hausa da ajami, kuma wannan zai zama muhimmi a gaba.

Ita da bakinta ta sha faɗa mini cewa 1969 ce ta buɗe mata ido. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Zango ya girgiza. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da suka shekara da shekaru a Kumasi suka shiga sayar da kaya a wulaƙance, suna hawa manyan motoci. Lokacin tana amarya. Abin da ta gani shi ne maƙwabta suna shigowa wurin mahaifiyarta da dare, wannan ta kawo keken ɗinki, waccan ta kawo kwalla cike da zannuwa, wata ta kawo 'yan kunnen zinariya a ƙulle cikin tsumma, suna cewa a ajiye musu har Allah ya sa su dawo. Tsohuwar ba ta iya rubutu ba, sai ta sa Goggo ta riƙa rubuta sunan kowa da abin da ya bari. Wasu sun dawo bayan shekaru sun karɓi kayansu. Wasu 'ya'yansu ne suka zo. Wasu har yau shiru. Daga nan unguwa ta san cewa gidan nan ana ajiye amana, kuma ana rubutawa.

Sai 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida babu abin ci. Manya har yanzu suna tuna yadda ƙashin wuyan mutane ya fito har aka sa masa suna sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasar na lokacin. Goggo a lokacin ta riga ta kafa teburin koko da ƙosai a bakin layi. Gero ya yi tsada, amma ba ta tashi teburin ba. Sai ta ƙara ruwa a kokon, ta rage kuɗinsa, ta ware ƙaramar tukunya a bayan tebur ta yaran da aka turo da kofi ba a ba su kuɗi ba. Wannan ƙaramar tukunya ta zauna a bayan teburin har ƙarshen rayuwarta, har bayan ta ƙara da sayar da waakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi.

Aikin

Idan na kasa abin da take yi, wankan gawa ne a gaba, domin shi ne wanda babu mai so. Farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi an sauke wa kowa, idan babu wanda ya yi kowa ya ɗauki laifi. Ita ce ta sauke mana shi shekara da shekaru. Tana da jaka guda a rataye bayan ƙofa, kullum a shirye: garin ganyen magarya, kafur, auduga, sabulu, almakashi, safar hannu, da farin yadi da ta saya da kuɗinta don gidan da ba su da halin saye. Tana farawa da gaɓoɓin alwala, ta fara da dama, ta yi wankan sau uku ko biyar, na ƙarshe da kafur. Ta tsefe gashin ta yi masa kitso uku, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya kan wankan 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Likkafanin mace, idan da hali, ƙyalle bakwai take yi bisa mazhabar Malikiyya, idan babu hali ta yi da abin da ya samu ba tare da ta bari dangi sun ji kunya ba. Ba ta karɓar ko sisi. Kuma abin da ta gani a jikin mamaciya, ko tabon duka ne ko alamar wata cuta, a ɗakin yake mutuwa. Na zauna da ita shekaru masu yawa ban taɓa jin ta yi suɓutar baki ba.

Wanda bai zauna a Kumasi ba zai iya ɗauka wankan ne kaɗai wahalar. Kafin a kai ga wanka akwai takardu. Maƙwabtanmu Tonawa, wato Ashanti, al'adarsu ce a ajiye gawa a ɗakin sanyi makonni, wani lokaci watanni, har dangi su shirya babban biki. Mu kuwa so muke a binne ranar da aka rasu. Idan mutuwar ta faru a asibiti, sai likita ya rubuta takardar sanadin mutuwa, sai an samu izinin binnewa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, sai an biya kuɗin ɗakin ajiye gawa. Dangi suna cikin kuka, da yawa ba su jin Turanci, wasu ko Twi ba su ji sosai. Goggo ta san wace takarda ke gaba da wace, ta san wace ƙofa ake fara bi, ta san a ce wa maza su rabu biyu, wasu ofis wasu maƙabarta, don kada rana ta faɗi ba a gama ba.

Rakiya asibiti ita ce ta biyu. Haihuwar dare, yaro mai shiɗewa, tsoho da hawan jini ya kayar: tagarta ake ƙwanƙwasawa. Idan abin mai sauƙi ne asibitin Manhyia da ke kusa da mu, idan ya yi nauyi sai Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, da sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950. A zamanin kash-an-kari, lokacin da sai ka biya kafin a ba ka magani, rakiya ba tafiya ce kawai ba, dole mai rakiya ta tafi da kuɗi a gefen zane. Da aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003 zamanin Kufuor, aka kuma ƙara da kula da masu ciki kyauta a 2008, nauyin ya ragu amma ya sauya kama. Yanzu sai ta koma bin mata tana tambaya, katinki yana da rai ko ya mutu? Domin katin duk shekara ake sabunta shi, kuma mutanenmu sai ciwo ya zo suke tunawa. Ta san 'yan shekara 70 zuwa sama da yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biyan kuɗin shekara, ta riƙa tara tsofaffin layi tana kai su rajista a mota ɗaya. Da aka fara sabuntawa ta waya, ni take miƙo wa wayoyin mutane in danna musu.

Na uku shi ne kuɗi, kuma shi ne ya fi ba mu aiki daga baya. Ita ce uwar adashin matan layi, wanda nan ake ce wa susu. Ita ke tara kuɗin yayi idan za a yi aure ko suna, ta je kasuwar Kejetia ta ɗauko atamfar da aka zaɓa, ta raba, ta bi bashin waɗanda suka ce sai ƙarshen wata. Ita ke riƙe gudummawar mutuwa. Bayan waɗannan akwai ajiya ta sirri: matar da ke ɓoye kuɗin makarantar ɗanta don kada mijin ya ranta, tsohuwar da ke tara kuɗin likkafaninta, da 'yan matan nan kayaye masu dakon kaya a ka a kasuwa, 'yan Walewale da Tamale da ƙauyukansu, waɗanda suke kwana a barandar shaguna ba su da inda za su ɓoye abin da suka samu. Da yamma sai su biyo ta teburin koko su miƙa mata. A 2019, da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance har 347, mata da dama a zango kuɗinsu ya maƙale. Daga nan masu kawo wa Goggo ajiya suka ƙaru. Ta ce musu ita ba banki ba ce, gwangwani ne kawai da littafi. Suka ce sun ji, su dai ta karɓa.

Akwai wata yarinya cikin kayayen da ba zan manta ba. Zazzaɓi ya kama ta, 'yan uwanta na aiki suka kawo ta ƙofar gidanmu a goye, domin nan kaɗai suka sani. Ba ta kai gari ba. Babu danginta a Kumasi, kuma kuɗin mota a kai ta gida ya fi ƙarfin ƙawayenta. Goggo ta yi magana da mahaifinta ta waya da Dagbaninta mai gargada, ya ce a binne ta a nan. Ita ta wanke ta, da yadinta aka suturta ta, mazan layinmu suka sallace ta suka kai ta Tafo. Bayan kwana biyu ta buɗe littafi, ta ƙirga abin da yarinyar ta ajiye, ta ba direban motar arewa da ta yarda da shi ya kai wa uwar.

Abin da gida ya biya

Nan ne masu ta'aziyya ba su taɓo ba, ni kuma ba zan tsallake ba, domin idan na tsallake na zalunci wata.

Goggo tana son iyalinta, wannan babu ja. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Kumasi zuwa Tamale, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi ita ta yi jinyarsa shekaru, ta ɗaga, ta kwantar, ta wanke, ba ta taɓa barin wani ya ga tsiraicinsa ba. Ta riƙe 'ya'yanta, ta riƙe ni, ta riƙe wasu marayu biyu na dangin miji. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma mutum ɗaya ba ya zama wuri biyu. Duk daren da aka ƙwanƙwasa taga ta fita, wani ne zai tashi ƙarfe uku ya tace gasara, ya hura wuta, ya kai wake injin niƙa, ya fitar da tebur. Wannan wani ɗin ita ce babbar 'yarta, Yayata.

Yaya tana da kai. Malamanta har gida suka zo. Amma zamanin ana biyan kuɗin sakandare, shekaru da yawa kafin a mayar da ita kyauta a 2017, kuma ko da an samu kuɗin, wa zai riƙe tebur? Ta gama ƙaramar makaranta ta tsaya. Ni da ke bayanta na yi karatu har na zama malama, kuma na san sarai a kan wuyanta na taka. Na taɓa jin su da dare, ina kwance kamar mai barci. Yaya ta ce, “Mma, ke fa inuwar giginya ce, na nesa ka sha.” Goggo ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, “Na ji, uwata. To idan ban je ba wa zai je?” Yaya ta ce, “Ai don kina zuwa ne ya sa babu mai zuwa.”

Na yi shekaru ina juya wannan magana. A da ina ganin Yaya ta yi wa mahaifiyarta tsauri. Ranar da muka zauna a tsakar gida muna jiran yaro ya dawo daga Asawase na gane gaskiya ta faɗa. Ba na ɗora wa Goggo laifin ita kaɗai. Tana da nata rabon: ba ta iya cewa a'a ba, kuma idan ta ga mai koyo tana jinkiri sai ta karɓe ta yi da kanta, wai kada a wahalar da mamaciya. Ta haka masu zuba ruwa suka shekara 20 suna zuba ruwa. Amma rabonmu ya fi nata girma. Mun samu mai yi, sai muka miƙe ƙafa. Muna yi mata addu'a, muna aika mata goro da sallah, aka haɗa mata kuɗi ta sauke farali, amma babu wadda ta ce, Magajiya, daren Talata nawa ne, ki kwanta ki huta. Mazan layi kuma, da za su iya ɗauke mata zirga-zirgar takardu gaba ɗaya, sun bar mata saboda ta fi su sanin hanya.

A 2020 jikinta ya fara nunawa. Ranar 30 ga Maris aka kulle Accra da Kumasi saboda korona, mako uku babu fita, an rufe masallatai, jana'iza kada ta wuce mutum 25. Mutanen zango yawanci sai sun fita suke ci. Ta buɗe gwangwani ta mayar wa duk mai so ajiyarsa, ta dafa abin da ke gida tana aikawa ɗaki-ɗaki. Muka hana ta fita saboda shekarunta da ciwon sukari, ta ji na kwana biyu, a na uku aka yi haihuwa a layin baya ta ɗauki mayafi. Allah ya tsare ta daga cutar, amma daga wannan shekara ƙafafunta suka fara kumbura, idonta ya rage gani, rubutunta a littafi ya fara hawa kan juna.

Littafin

Bayan addu'ar bakwai mata suka fara zuwa, a hankali, da kunya. Kowace sai ta gama gaisuwa ta yi shiru, sannan ta ce, “Akwai ɗan abin da na ba Magajiya.” Muka buɗe akwatinta. Muka tarar da gwangwanayen madara manya guda uku da kuɗi a ƙulle cikin leda daban-daban, da littattafan makaranta masu layi, tsofaffi da sababbi, duk da ajami.

Matsala ta farko, babu mai karanta shi a cikinmu. Mun yi Islamiyya, muna karanta Alƙur'ani, amma Hausar ajami da hannun tsohuwa, babu wasali a wurare da yawa, wani abu ne daban. Sai da muka roƙi wani tsohon malamin allo ya zauna da mu yamma bayan yamma, yana karantawa ina juyawa zuwa boko. Matsala ta biyu, ba ta rubuta sunan yanka. Laƙabi take sawa: mai kifi, matar teloli, doguwar Walewale, uwar 'yan biyu. A layinmu uwar 'yan biyu uku ce. Yaya ce ta warware mana yawancinsu, domin ita ke tsaye a tebur lokacin da ake miƙo kuɗin. A nan na ga cewa rabin littafin a kan Yaya yake, ba a takarda ba.

Matsala ta uku ita ta kusa haddasa faɗa. A watan Yulin 2007 Ghana ta sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Manya da yawa har yau da tsohon lissafi suke magana, sidi 100 su ce miliyan ɗaya. Goggo wani shafin ta rubuta da tsohon lissafi, wani da sabo, ya danganta da yadda mai ajiyar ta faɗa. Wani saurayi da mahaifiyarsa ta rasu kafin Goggo ya ji malam ya karanta miliyan biyu a gaban laƙabin uwarsa, sai ya tsaya kai da fata cewa kuɗi ne masu yawa aka ɓoye. Abin nufi sidi 200 ne, kuma ledar tana nan da sidi 200 cif a ciki. Bai yarda ba har sai da aka je gaban liman, aka kira mata biyu da suka san lokacin da aka yi ajiyar. Ranar Yaya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, wai yau uwarta ake tuhuma da cin amana.

Liman ya yi mana bayani a fili, kuma ya kyauta da ya yi shi gaban maza. Amana ba ta cikin gado, mai ita za a mayar wa. Daga dukiyar mamaciya kuma ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Da muka gama lissafi, ajiyar mutane ta cika, ba a rasa ko fesuwa ba. Giɓin a adashi yake. Akwai mata da suka ci nasu kwasan suka kasa ci gaba da zubi, ita kuma ta riƙa cike musu daga cinikin koko ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a kunyata su a fitar da su. A gefen kowace ta yi wata 'yar alama. Wasu da suka ji sun kawo da kansu. Waɗanda ba su da shi, 'ya'yanta suka haɗu suka ce sun yafe. Abin da ya rage aka raba gado bai taka kara ya karya ba: zannuwa, tukwane, 'yan kunne, da teburin.

Abin da muka yi, da inda muka gaza

Bayan arba'in matan layi suka zauna a tsakar gidanmu. Wasu suka ce Yaya ta gaji uwarta a ci gaba da kiranta Magajiya. Ta ce a'a, kuma na goyi bayanta da dukkan zuciyata. Ta ce za ta riƙe tebur da ƙaramar tukunyar bayansa, sauran a raba.

Aka raba. Kuɗin adashi da na yayi yanzu mata biyu ke riƙewa, ana zubi ta waya, akwai littafi da boko mai sunan yanka da kwanan wata, ana karanta shi gaban kowa duk ƙarshen wata. Wannan ya tafi daidai, sai dai ya zo da hasararsa: rufin asirin nan da Goggo ke yi ya tafi. Yanzu wadda ta kasa zubi kowa ya sani, kuma mun riga mun rasa mata biyu da suka daina zuwa don kunya. Ajiyar sirri kuwa babu wadda ta yarda ta karɓa. Kayayen sun daina biyowa da yamma. Zirga-zirgar takardun mutuwa samarin masallaci suka ɗauka, mun rubuta musu matakan a takarda an manna a bangon ofishin liman, kuma suna yi da kyau fiye da yadda muka zata.

Wankan gawa, tsohuwar nan ta Asawase ta yarda ta koya mana. Ranar Asabar bayan la'asar ake ɗauko ta, muna yi da matashin kai da aka naɗe a zane. Mu tara muka fara, huɗu muka rage. Wasu tsoro, wasu mazajensu suka ce ba sa son matar da ke taɓa gawa ta dafa musu abinci, magana marar tushe a addini amma mai ƙarfi a gida. Na yi wanka na farko da hannuna a damina, wata tsohuwa 'yar haya a gidan da ke kallon namu. Hannuna yana rawa har na gama. Jakar Goggo na ɗauka, kuma yanzu a bayan ƙofata take rataye.

Inda muka gaza shi ne dare. Mun yi jadawali, kowace da darenta, amma mai naƙuda ba ta duba jadawali. Mutane sun saba da taga ɗaya, kuma har yanzu ita suke ƙwanƙwasawa. Yaya ke kwana a ɗakin. Ta ce ba za ta fita ba, kuma sau da yawa takan turo yaro ya tashi mai daren. Amma na san aƙalla sau biyu da ta ɗauki mayafi ta bi su, ta dawo da asuba ta hura wutar koko. Na yi mata magana ta ce in bar ta. Wannan ita ce maganar da zan sake tayarwa a zamanmu na ƙarshen wata, kuma na riga na nemi liman ya sanar a masallaci sunayen masu dare da ƙofofinsu, ya maimaita har kunnuwa su saba.

Saura leda ɗaya a gwangwani. A littafi an rubuta “ƙaramar mai tsage a kumatu”, da zubi ƙanana-ƙanana da suka ɗauki shafi biyu da rabi, sannan suka tsaya kafin kullen korona. Yaya ta tuna fuskarta amma ba ta san sunanta ba, ta dai ce da Mamprusanci take magana da ƙawayenta. Mun tambaya a Kejetia wurin shugabannin kayaye, mun tambaya a tashar motocin arewa. Wata ta ce kamar ta yi aure ta koma wajen Walewale. Mun ba direbobi biyu saƙo da kwatancenta. Kuɗin suna nan a ƙulle yadda Goggo ta ƙulle su, kuma ranar Juma'a mai zuwa zan sake komawa tashar.